Hoton Waya da Hoton Fim: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da Muke Kira Hoto Mai Kyau

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɓoye alabam a ƙasan akwati ya san cewa a da hoto abu ne da ake yi wa shiri. A yi wanka, a sa kayan sallah, a tafi wurin mai hoto, a tsaya gaban labule, sannan a yi kwanaki ana jiran ganin abin da ya fito. Yau yarinya 'yar shekara goma za ta ɗauki hoto hamsin kafin a sauke tukunyar tuwo. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan aka zauna ana gardamar wanne ya fi.

Mene ne ainihin bambanci tsakanin yadda fim ke kama hoto da yadda waya ke kamawa?

Fim siririyar leda ce da aka shafe fuskarta da wani abu mai danƙo da ake kira jelatin, wanda ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. A cikin danƙon akwai ƙwayoyin gishirin azurfa ƙanana ƙwarai masu jin haske. Da an danna kyamara, ƙofarta ta buɗe kamar ƙiftawar ido, haske ya faɗa kan ƙwayoyin ya bar musu tabo, amma tabon da ido ba ya gani. Sai an shiga ɗaki mai duhu an tsoma fim ɗin cikin ruwan magunguna bi da bi, sannan surar ta bayyana a juye: farar riga ta fito baƙa, baƙar fuska ta fito fara. Shi ne nagetif, kuma daga shi ake fitar da hoto a kati. Daga nan muka samo kalmar "wanke hoto", har yau kuma da ita muke amfani ko da injin da ya fitar da hoton bai taɓa ruwa ba.

Ita waya tana da ɗan faranti a bayan gilashin kyamara, kusan girman farce, ana ce masa sansa. An yanka fuskarsa gida-gida har miliyoyi, kowane gida yana auna hasken da ya shigo masa ya mai da shi lamba. Gidajen nan ba sa ganin launi. An rufa wa kowanne tace mai launi ɗaya tak, ja ko kore ko shuɗi, rabinsu kore. Wani ma'aikacin Kodak, kamfanin fim da kyamara na Amurka, mai suna Bryce Bayer, shi ya tsara wannan shimfiɗa, aka yi mata rajista a 1976. Gidan da ya ga ja bai san yawan kore da shuɗin da suka sauka a kansa ba, sai wayar ta leƙa maƙwabtansa ta ƙiyasta. Ke nan kashi biyu cikin uku na launin hoton waya ƙiyasi ne, tun ba a zo maganar gyaran fuska ba.

Wayata megafiksel 108 ce. Ai ta bar tsohuwar kyamarar fim a baya, ko?

Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne. Lambar tana faɗa maka yawan gidajen, amma ta yi shiru kan girmansu, alhali girman ne ke sa a kama haske da yawa. Ka ƙaddara tarar ruwan sama ake yi: wani ya jera murafen kwalba ɗari a kan faifai, wani ya jera bokiti goma a tsakar gida. Na farkon ya fi yawan mazubi, na biyun ya fi ruwa.

A fim ɗin milimita 35, kowane hoto yana cin fili mai tsawon milimita 36 da faɗin 24. Mafi girman sansa da ake sa wa wayoyi masu tsada bai wuce kusan milimita 13 da 9 ba, wato filin fim ya ninka shi fiye da sau bakwai, kuma yawancin wayoyi ko nan ba su kai ba. Fim ɗin 120 da tsofaffin masu situdiyo suka yi aiki da shi kuwa kusan santimita 6 ne kowane gefe.

Masu ƙera waya sun san haka. Shi ya sa da yawa daga wayoyin 108 ke haɗa gida tara su zama ɗaya, a ƙarshe su ba ka hoton megafiksel 12. Galaxy S23 Ultra ta 2023, mai 200, gida goma sha shida take haɗawa. Tun 2012 Nokia 808 mai 41 ta yi wannan dabarar, tana fitar da hoton megafiksel 5. Katin hoto na yau da kullum, inci 4 da 6, abin da yake bukata bai wuce megafiksel biyu da ɗoriya ba.

Sai dai a faɗi gaskiya. Wayar yau da rana tsaka tana fitar da hoto garau fiye da ƙananan kyamarorin roba da aka yi ta yawo da su gidajen biki a shekarun 1990. Mu buɗe alabam mu duba: nawa ne suka yi dishi-dishi, nawa ne ido ya fito ja, nawa ne aka yanke wa kai? Fim mai kyau yana bukatar gilashi mai kyau, da gwanin hannu, da mai wanki da bai bar maganinsa ya tsufa ba.

To ta yaya ɗan ƙaramin sansa ke fitar da hoto mai haske da daddare?

Idan ka danna sau ɗaya, wayar ta ɗauki hotuna da yawa ne. Wasu wayoyin tun ka buɗe kyamara suke ɗauka a ɓoye suna zubarwa. Da ka danna sai ta tattara su, masu duhu da masu haske, ta ɗora su kan juna, ta share yashi-yashin da ƙarancin haske ke jawowa, ta ɗauko sama daga wannan, ta ɗauko fuska daga wancan, ta ɗinke. Google ta fito da yanayin ɗaukar dare a 2018, wasu kamfanoni suka bi. Shi ma dushewar bayan mutum da ke burge mutane a hoton fuska, wanda Apple ta kawo a wayoyinta a 2016, lissafi ne. A babbar kyamara gilashi ke haifar da shi, a waya kuwa manhaja ke zana iyakar mutum ta dusar da sauran. Ka ƙura ido a bakin ɗankwali ko jelar rawani za ka ga inda ta yi kuskure.

Abin al'ajabi ne, ba na musu. Amma akwai abin da ke damuna: dare ya daina zama dare a hoto. Ka ɗauki mai shayi a ƙarƙashin fitilarsa, wayar ta ba ka wuri tas kamar la'asar. Duhun da ya kewaye shi, wanda shi ne abin da ya tsayar da kai tun farko, ta ɗauke shi a matsayin matsala ta kawar.

Ke nan hoton waya ƙarya ne, na fim gaskiya?

Ba haka kai tsaye ba. A zamanin fim ma an yi gyara. Masu situdiyo suna bin nagetif da fensir suna share ƙuraje da tamoji, a Tarayyar Sobiyet ta zamanin Stalin kuwa har mutum sukutum ake cirewa daga hoto idan ya saɓa da gwamnati.

Inda aka rabu shi ne waye ke gyaran, kuma yaushe. A da mutum ne ke yi, da niyya, bayan an ɗauka. Yanzu an gama gyaran kafin ka ga hoton, ba a kuma shawarce ka ba. A watan Maris na 2023 wani ya dusar da hoton wata da gangan a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa, sai ga wata ya fito da ramukansa ɓaro-ɓaro, waɗanda babu su a abin da ke kan allon. Kamfanin ya bayyana cewa wayar tana gane wata idan ta gan shi, sai ta ƙara masa fitowa. A shekarar kuma Pixel 8, wayar Google, ta zo da damar sauya fuskar wanda ya rufe ido da fuskarsa daga wani hoton da aka ɗauka a jere. Hoton da ya fito yana nuna lokacin da kowa ke murmushi tare, lokacin da bai taɓa faruwa ba. Muna cewa gani ya kori ji, amma yanzu sai an tambaya: ganin wa, naka ko na manhaja?

Me ya sa baƙar fata ke fitowa dabam-dabam daga kyamara zuwa kyamara?

Wannan tambayar ce ta fi shafar mu, kuma ita ce ke nuna cewa ma'aunin hoto mai kyau mutane suka yanka shi, da tasu fatar a gabansu.

Tun shekarun 1950 Kodak ke aika wa wuraren wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley. Da shi mai wanki ke daidaita injinsa: idan fatar Shirley ta fito daidai, an ɗauka komai ya yi daidai. Shi kansa fim mai launi haka aka haɗa shi. Sakamakon kuwa, idan baƙi ya tsaya kusa da fari, ko ya sa farar babbar riga a rana, fuskarsa ta kan nutse, a bar ido da haƙori. Wata mai bincike a Jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta ruwaito cewa cikin abin da ya sa aka inganta launin ƙasa-ƙasa a fim har da ƙorafin masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ke ɗauke da mata masu launin fata dabam-dabam.

Duk da haka, gwanayen Afirka ta Yamma sun nuna abin da za a iya yi idan mai hoto ya san mutanensa. Seydou Keïta a Bamako yana ɗauka ne galibi da hasken rana a tsakar gida, da nagetif mai girman santimita 13 da 18, ya rataya zane mai ado a baya. Ka duba fuskokin da ya ɗauka, sheƙin goshi da laushin kunci duk suna nan. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya a 2007. A Nijeriya J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar salon kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, har ana iya bin kowace tsaga da ido. Baƙi-da-fari ne duka, amma suna auna hasken ne a kan fuskar da ke gabansu.

A ɓangaren waya, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya daidaita kyamarorinsa don baƙar fata, wannan kuma yana cikin abin da ya ba shi kasuwa a Afirka. Google ta kawo nata gyaran a Pixel 6 a 2021. Ci gaba ne na gaske. Amma a nan gizo ke saƙa: fito da fuska a fili dabam, haskaka ta dabam. Wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran kwalliya a kunne a kyamarar gaba, suna goge fata, suna ɗaga haskenta, wasu har su rage hanci. Manhajar ba ta bambanta ƙurji da bille ko kalangu, duk tabo ne a wurinta, sai ta dusar. Na ga hoton dattijuwa da aka ɗauka da irin wannan, tsagen gadonta ya kusa ɓacewa, jikokinta kuma suna yabon yadda ta yi kyau. Abin ya tsaya mini a rai. A ƙasar da mata ke cutar da fatarsu da man bilicin, kyamarar da ke nuna wa yarinya kowace safiya fuskar da ta fi tata fari ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Ka shiga saitin kyamararka ka kashe shi.

Shin ma'aunin "hoto mai kyau" ya canza ne da gaske?

Ya canza, domin wurin kallo ya canza. A da ana riƙe kati a hannu ko a rataya a bango shekara da shekaru. Yabon da ake yi shi ne "ya fito sak", wato kamanni. Yau ana kallo a allo ɗan inci shida, yatsa na kan hanyar turawa gaba, hotonka kuma yana gasa da ɗaruruwa. Abin da zai tsayar da yatsa shi ne launi mai ƙarfi, gefuna masu kaifi, fuska marar inuwa. Masu ƙera waya suka bi abin da ido ke zaɓa a cikin daƙiƙa biyu. Inuwa kuwa ita ke ba fuska siffarta, idan aka kore ta gaba ɗaya mutum ya kan fito a shafe kamar zanen talla.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana maimaituwa: sauƙi na kayar da inganci. A 1888 George Eastman ya sayar da Kodak ta farko da fim mai hoto 100 a ciki, idan ya ƙare a aika kyamarar masana'antarsa da ke birnin Rochester na Amurka a wanke. Hotunan ba su kai na ƙwararru ba, amma kowa ya iya ɗauka. Wayar Sharp mai kyamara da ta fito a Japan a 2000 megafiksel 0.11 gare ta, iPhone ta farko a 2007 kuma 2. Mutane sun karɓa saboda tana aljihu. Da Instagram ya zo a 2010, filtocinsa kwaikwayon tsohon kati mai koɗewa suka yi, abin da ya taimaka wajen rufe raunin kyamarar lokacin. Aibin da masu wanki suka yi ta yaƙa shekara da shekaru ya koma ado.

Gaskiya ne Kodak ce ta ƙirƙiro abin da ya karya ta?

Gaskiya ne. A 1975 injiniyanta Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital mai megafiksel 0.01, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Ribar kamfanin kuwa a fim da kati da magani take. A watan Janairu na 2012 ya nemi kariyar kotu saboda bashi.

Me ya sa wasu matasa ke komawa fim?

An daina yin Kodachrome, shahararren fim mai launi na Kodak, a 2009, wuri na ƙarshe da ke wanke shi, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina a ƙarshen 2010, kowa ya ɗauka zance ya ƙare. Sai ga Ektachrome, wani fim ɗin Kodak mai launi, ya dawo a 2018, Pentax ta fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024, Instax na Fujifilm mai fitar da kati nan take kuma yana ta samun kasuwa.

Wasu launin suke so, da ɗan yashi-yashin ƙwayoyin azurfa, da yadda nagetif ke jure haske mai ƙarfi: farar shadda a rana ba ta ƙonewa fat, ana ganin aikinta. Amma dalilin da na fi yarda da shi shi ne ƙidaya. Nadi ɗaya hoto 24 ne ko 36, kowanne kuɗi ne, kuma ba ka ganin sakamako nan take. Dole ka tsaya ka duba haske, ka jira mutum ya saki jiki. Wanda ake ɗauka shi ma ba ya rugowa ya ce a nuna masa a sake. Sai dai mafi yawan masu yin haka, bayan wanki, sikanin suke yi su ɗora a intanet, hoton ya ƙare a allon wayar dai.

Wanne ya fi daɗewa?

Nagetif baƙi-da-fari da aka wanke da kyau yana haura shekara ɗari, kuma ba ya bukatar caji ko kalmar sirri, ɗaga shi sama kawai za ka yi. Mai launi bai kai haka ba, shi ya sa hotunan shekarun 1970 da 1980 da yawa suka rine ja-ja. A wurinmu abokan gabar kati su ne zafi, danshin damina, gara, da ledar alabam da ke manne wa fuskar hoto.

Hoton waya ba ya koɗewa, amma idan zai tafi gaba ɗaya yake tafiya. A sace waya, ko memori ya lalace, ko a manta kalmar sirri, hotunan shekara biyar sun bi ruwa. Ajiyar intanet ma ba ta da tabbas: Google ta daina ba da wurin ajiye hotuna kyauta marar iyaka a watan Yuni na 2021, aka koma gigabayit 15. Hoton da kake ji da shi, ka ajiye shi wuri uku, ɗaya daga ciki kati.

Mai hoto ya turo hotunan biki ta WhatsApp, da muka je wankewa sai suka farfashe. Me ya faru?

WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, kuma duk lokacin da aka sauke aka sake ɗorawa, ko aka kwafo daga sitatus, ana ƙara asara. A allo ba a lura, a babban kati ake gani. Ka ce a turo maka a matsayin fayil, ko a zuba maka a filash. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya fi na da, amma shi ma yana matsewa.

Ina so in gwada fim. Me zan kiyaye a ƙasa mai zafi?

Kafin ka sayi komai, ka fara gano wanda zai wanke maka, don yanzu wannan ya fi samun kyamarar wuya. Fim ba ya shiri da zafi: ka ajiye shi a firji cikin robarsa a rufe, ka bari ya huce daga sanyin kafin ka buɗe, kada kuma ka bar shi a mota. Lambar da ke jikin fim tana nuna yadda yake jin haske: mai 100 ko 200 ya isa a rana, 400 don inuwa da cikin ɗaki. Nagetif ya fi yafe yawan haske a kan ƙarancinsa, saboda haka idan baƙin mutum ne cikin fararen kaya, ka auna hasken a fuskarsa. Lokacin hunturu kada ka buɗe bayan kyamara a fili, ƙura ɗaya za ta iya jan layi a nadin duka. Idan da kanka za ka wanke, mai launi yana son ruwa mai zafin kusan digiri 38, baƙi-da-fari kuwa 20, wanda a bazara sai da ƙanƙara. Sababbin injinan binciken kaya a filayen jirgi suna lalata fim ɗin da ba a wanke ba, ka roƙi a duba shi da hannu.

Tsofaffin hotunan gidanmu fa, yaya zan kwafe su da waya?

Ka shimfiɗa katin a inuwa mai haske, kusa da ƙofa ko taga, ka kashe filasha da duk wani gyaran fuska, ka riƙe wayar daidai saman hoton kada ta karkace. Wanda ya manne da leda ko gilashi kada ka ɓanɓare shi, ka ɗauke shi a yadda yake. Idan ka ci karo da nagetif a cikin ambulan, ka riƙe shi ta gefe ka adana, domin ya fi katin cikakken bayani kuma za a iya yi masa sikanin.

Ka yi hattara da manhajojin da ke cewa za su sabunta tsohon hoto ko su sa masa launi. Inda fuska ta dushe, ƙirƙiro ido da baki suke yi daga fuskokin wasu mutane, launin riga kuma zato ne. Za su ba ka kyakkyawan dattijo, amma ba lalle ya zama kakanka ba. In ka yi, ka ajiye na asalin dabam.

Sannan ka kai alabam ɗin wurin Hajiya ko Baba tun suna da ƙarfin gani, ka tambayi waye wannan, bikin wa ne, a wane gari, shekarar da aka yi me. Ka rubuta amsar a bayan katin da fensir, don tawadar biro tana ratsa takarda ta ɓata fuskar hoton.